Malama, Maki Ɗaya Ne Fa

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa sakamakon jarrabawar zango na farko ga jami'in jarrabawa na sashenmu, na sa hannu a kowane shafi, na sauko daga bene, na kashe wayata tun kafin in isa inda na ajiye mota. Maigidana ya san wannan al'ada tawa, a irin wannan mako ta wayar 'yarmu yake nemana. Dalili kuwa, da zarar labari ya fita cewa Malama ta miƙa maki, wayar ba ta ƙara hutawa, kuma yawancin masu kiran ba ɗalibai ba ne. Ɗalibi yana da ɗan tsoro. Masu kira su ne kawun ɗalibi, da maƙwabciyar gidansu da ta tuna mun yi Islamiyya tare, da wani dattijo da zai fara da cewa shi aminin marigayi Babana ne, ya yi masa doguwar addu'a har ƙwalla ta cika min ido, sannan ya gyara murya ya ce, "To 'yata, akwai wani yaronmu a wajenki."

Shekarata 14 ina koyar da ƙididdiga a sashen nazarin tattalin arziki na wata jami'a a Arewa. Kwas ɗin da aka fi sanina da shi na 'yan aji biyu ne, wajibi ne a kan kowa, yunit uku gare shi, kuma bana mutum 380 da 'yan kai suka zauna masa. Ɗalibai ba sa son sa. Da yawansu sun gudo tattalin arziki ne suna zaton sun rabu da lissafi, sai ga shi ya tare su a gaba.

Ga wanda bai san yadda ake awon ba, a wajenmu tes da aikin gida maki 30 ne, jarrabawa 70. Idan aka haɗa, daga 70 zuwa sama A ce, tana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, daraja 3. Daga 45 zuwa 49 D, daraja 2. Daga 40 zuwa 44 E, daraja 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, kari-oba, sai baɗi. To ka ga akwai katanga biyar: 39, 44, 49, 59 da 69. Duk mai zuwa ofishina roƙo a gindin ɗaya daga cikinsu yake tsaye. Ban taɓa ganin mai 63 ya zo yana kuka ba.

Kuma kada wani ya ɗauka kukan na banza ne. Bari in yi muku lissafin da ɗalibaina suka fi iyawa fiye da duk abin da na koya musu. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa. Mai daraja ta biyu ta sama, wanda suke kira tu-wan, daga 3.50 zuwa 4.49. Mai daraja ta biyu ta ƙasa, wato tu-tu, daga 2.40 zuwa 3.49. A ce yarinya ta yi rajistar yunit 150 a duk zamanta na jami'a, aka ninka darajar da ta ci a kowane kwas da yunit ɗinsa aka haɗa ta tara 522, aka raba da 150, sakamakonta ya tsaya a 3.48. Abin da take buƙata ta kai 3.50 shi ne 525. Uku kacal. Idan tana da 59 a wani kwas mai yunit uku, aka mayar da shi 60, C ta zama B, ukun nan ta samu, ta tashi daga tu-tu ta koma tu-wan. Takardar da za ta riƙe har ƙarshen rayuwarta ta canza, tallace-tallacen aikin da za ta iya nema sun ƙaru, ƙofar tallafin karatun digiri na biyu da ake gindaya wa sharaɗin tu-wan ta buɗe. Saboda haka idan ta tsaya a gabana ta ce, "Malama, maki ɗaya ne fa," gaskiya ta faɗa. Ita ta san nauyinsa, ni ma na sani, shi ya sa maganar ke da wuya.

Masu zuwa da kansu kala-kala ne. Akwai mai shigowa da leda, ta ajiye a gefen kujera kamar mantuwa, idan na buɗe in ga atamfa ko kwalbar humra. Wannan ba ta da wahala, wakilin aji nake ba wa ya mayar mata a gaban ƙawayenta, ba ta sakewa. Akwai mai zuwa da labarin rasuwa ko rashin lafiya, wani da gaske, wani kakarsa ta rasu sau uku a hannuna. Akwai wanda zai tsaya ya yi ta yabona, wai duk jami'ar nan babu mai koyarwa kamata, alhali fuskarsa ban taɓa gani a lakca ba. Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce matar aure, goye da jariri, ta zauna a ƙasa duk da na nuna mata kujera, ta ce da ƙyar mijinta ya yarda da shekara huɗu, ya rantse idan aka ƙara ko zango ɗaya ta gama boko ke nan. Na san irin mazan, na san ba barazana ce kawai ba. Irin wannan idan ta fita nakan rufe ƙofa in zauna shiru na ɗan lokaci.

Wanda na fi so kuwa shi ne mai zuwa da gardama. Wanda zai ce, "Malama, tambaya huɗu na amsa, na san abin da na rubuta, makin nan ba nawa ba ne." Wani yaro ne ya koya min girmama irin wannan, a shekarata ta uku da fara aiki. Na ba shi 31. Ya zo na kore shi, ya dawo na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, da ya yi karatu tun farko. Zuwa na uku bai ce komai ba sai, "Don Allah a ɗauko takardar kawai a duba." Na hau sama a fusace na sa jami'in jarrabawa ya zaro ta daga cikin ƙunshi, da niyyar in kunyata shi. Sai ga ƙarin takarda an ɗaure da zare a bayan littafin amsar, ta naɗe ta shige ciki, tambaya guda cur ban maka ba. Na tuna daren da na yi makin, babu wuta, ga zafin watan Afrilu, ina haska fitilar waya. Da na maka ta a gaban jami'in, yaron ya ci 18 a cikinta. Jimilla 49.

Gyaran ya ci kusan zango guda, domin sakamakon ya riga ya wuce kwamitin sashe, ya wuce na tsangaya, ya kai Majalisar Jami'a. Sai da na cike takardar canjin sakamako, na rubuta da hannuna cewa kuskurena ne, shugaban sashe ya sa hannu, shugaban tsangaya ya sa hannu yana kallona ta saman tabarau. Ranar da na kira yaron na ba shi haƙuri na gaya masa 49 ya ci, ya yi godiya har ƙasa, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya ce, "Malama, tunda dai ana gyara, maki ɗaya ne fa ya rage in samu C." Dariya ta ƙwace min. Ban ba shi ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce a duba masa, ina dubawa. In sake haɗa lissafi, in bi shafi-shafi, in gwada amsarsa da jadawalin makin da na tsara tun kafin jarrabawa. Idan haƙƙinsa ne a hannuna, ko rabin maki ne, zan bi ofis-ofis sai ya koma masa. Mai awo da ya tauye mudu ya san abin da Alƙur'ani ya ce a kansa, kuma jan biro ma mudu ne. Amma a ce in ɗauko abin da ba ya cikin takardar in zuba, nan muke rabuwa.

Faɗin wannan a rubuce abu ne mai sauƙi. Ranar da na gane wuyarsa ita ce ranar da Hajiya ta aiko a kira ni.

Hajiya mahaifiyar maigidana ce. Mace ce mai kirki, ita ta riƙe min yara lokacin da nake digiri na uku, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Wata Juma'a da yamma na je na tarar da ita a kan tabarma, ga ƙaninta, wanda duk muke kira Kawu, a kan kujera riƙe da carbi. Na durƙusa na gaishe su, na koma gefe na zauna kaina a ƙasa. Aka yi ta zagaye, ya yara, ya aiki, ya zafi. Can Kawu ya ce jikan ƙanwarsu yana sashenmu, ajin ƙarshe yake, kwas ɗina ne kaɗai ya riƙe shi tun aji biyu, wannan ne zamansa na uku, kuma an ce musu 37 ya samu. (Kada ku tambaye ni yadda suka sani tun ba a kafe sakamako ba. Tsakanin mai buga takarda, masinja da wakilin aji, maki ba ya kwana a ɓoye.) Uban yaron ya rasu, uwar tana jiran ya tafi bautar ƙasa ko alawus ɗin ya rage mata wani abu. Kawu ya kawo hadisin nan da ke cewa ku yi ceto za a ba ku lada. Hajiya ba ta ce komai ba sai a ƙarshe: "Yau dai wuƙa da nama suna hannunki. A rufa wa marayan nan asiri."

A cikin raina na tuna ɗaya hadisin, na matar Banu Makhzum da ta yi sata Usama ɗan Zaidu ya je nema mata sassauci, da yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi karɓar cetonsa. Amma wace suruka ce za ta ɗaga kai ta ja hadisi da Kawu a gaban uwar mijinta? Na ce, "To Hajiya, in sha Allahu zan duba." Kowa ya san "zan duba" a bakin Bahaushe tana da fuska biyu. Su sun ji an gama, ni kuma na sayi kwana biyu ne.

Na duba ɗin kuwa. Na ɗauko takardarsa na bi ta sau uku ina neman inda na tauye shi, har addu'a nake in samu. Babu. Tambaya biyu ya taɓa da rabi, ta ƙarshen ma tambayar ya sake kwafewa ya ja layi. Sai na buɗe jerin sakamakon a kwamfuta na tsara shi daga ƙasa zuwa sama, don in ga inda 37 ɗinsa ta faɗa. Mutum 23 ne tsakanin 35 da 39. Shida daga cikinsu 39 suka ci. Na bi lambobin, sai na gane ɗaya: wata siririyar yarinya mai zama a layin gaba kullum da hijabi ruwan toka, daga wani ƙauye take, ba ta taɓa fashin lakca ba, ba ta taɓa taka ofishina ba. Babu wanda ya kira ni a kanta. Ba ta da kawu mai carbi da ya san gidan surukata. Idan na ɗaga mai 37 ya haye, na bar ta a 39 ta maimaita kwas ɗin, to me na auna? Ba ƙididdiga ba dai. Na auna wa ya san wa.

Abin da na yi shi ne na kai maganar masu 39 gaban taron kwamitin sashe, inda ake bin sakamako kwas-kwas. A nan akan yi muhawara a fili, wani lokaci a amince a ɗaga duk mai 39 zuwa 40, wani lokaci a ƙi, kuma ko me aka yanke sakatare zai rubuta. A wannan shekarar an amince, ga duka shidan, ba tare da an kira sunan kowa ba. Yarinyar ta haye, har ta gama ba ta san an yi wannan zama ba. Yaronmu mai 37 bai haye ba.

Ban iya komawa wajen Hajiya da bakina ba, maigidana na tura. Ya dawo bai ce min komai ba sai, "Na faɗa mata." Wata biyu idan na gaishe ta, "lafiya" kawai take cewa, ba ta ƙara tambayata ya aiki. A wajen wani suna, wata gwaggo ta ɗaga murya yadda zan ji ta ce boko dai ya cire wa wasu zumunci. Na aika wa yaron ya riƙa zuwa ofis duk Talata in koya masa, ya zo sau biyu. Da shekara ta zagayo ya ci 44, ya fita. Har yau ban san ko uwarsa ta yafe min shekarar nan ba, kuma ba zan ce ba ta da hujjar jin ciwo ba.

Abokan aikina kowa da dabararsa. Akwai wanda daga ranar da ya miƙa maki ba a ƙara ganinsa a ofis sai an kafe sakamako, ko a masallacin tsangaya ba ya sallah. Akwai mai cewa, "Ai ya wuce sama," ko da takardun suna cikin jakarsa, don ya jingina laifin ga Majalisar Jami'a wadda ba ta da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Akwai wani dattijon farfesa da ke ƙara wa kowa maki biyu tun kafin ya miƙa, daga na sama har na ƙasa, ya ce ya fitar da zakkar kwas ɗin, kada wanda ya zo masa. Ban yarda da shi ba, domin katangar kawai ya matsar, yanzu mai 37 ne ke tsaye a 39, amma aƙalla mudunsa ɗaya ne ga kowa. Akwai kuma mai taushin zuciya da ba ya iya cewa a'a, duk wanda ya riga isa ya samu. Ɗalibai sun san shi, suna ma gaya wa na bayansu. Mutumin kirki ne, ba ya karɓar ko sisi, amma a kwas ɗinsa mai kunya shi ke faɗuwa.

Sannan akwai waɗanda ba a son a ambata, masu sayarwa. Ɗalibai suna da sunan da suke kiran abin, sotin, har da farashi, wani lokacin ta hannun wakilin aji. Mafi muni shi ne wanda ba kuɗi yake nema ba. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife shekara biyu, bayan an naɗi muryarsa yana neman ɗalibarsa da lalata a kan maki. A 2019 binciken BBC ya fallasa irin wannan a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Mu a nan mukan yi kamar abin na can ne, amma duk macen da ta yi jami'a ta san ofishin da ba a shiga sai da ƙawa. Ni a ganina waɗannan mutane a kan alfarmarmu suke kiwo. Muddin ɗalibai sun yi imani cewa maki abu ne da ake sasantawa bayan jarrabawa, to kowa zai zo da abin da yake da shi, mai kawu ya zo da kawu, mai kuɗi ya zo da kuɗi, wadda ba ta da ko ɗaya kuma wani ya gaya mata abin da zai karɓa.

Akwai hanya ta doka, ba a dai cika binta ba. Ɗalibin da bai gamsu ba yana iya rubuta ƙorafi, ya biya kuɗin sake maki, a ba wani malami daban takardarsa, sau da yawa daga wata jami'ar. Ɗalibai suna tsoronta, suna ganin wanda ya kai ƙarar malami ya ja wa kansa ido har ya gama, kuma ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba. Ni da kaina nake nuna musu ita. In ce, idan kana ganin na zalunce ka, ga takardar da za ka cike, wallahi ba zan riƙe ka ba. A shekara 14 mutum biyu suka bi, ɗaya makinsa bai motsa ba, ɗaya aka ƙara masa biyu, ya tashi daga 52 zuwa 54, C ɗinsa tana nan.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaran nan da muke cewa ba sa karatu, mu muke cusa su 380 a ɗakin da na baya ba ya jin muryata. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya cinye musu kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ni ma ina cikin masu yajin, kuma na san dalilinmu, amma kwanakin nasu ne suka tafi. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, ga kamfanoni masu sa iyakar shekaru a tallan aiki. Yaron da ya shigo jami'a a makare, yajin aiki ya ci masa shekara ɗaya da rabi, idan ya ce min sifil-oba, wato ƙarin shekara bayan 'yan ajinsa sun gama, za ta kashe shi, na fahimci lissafinsa. Abin da zan iya yi masa dai kafin jarrabawa ne. Yanzu mako biyu kafin a fara nake kafe makin tes a ƙofar ofis, in ba da mako guda na ƙorafi. Wanda na ga 30 ɗinsa ta yi ƙasa sosai nakan kira shi in gaya masa nawa yake buƙata a cikin 70. Bayan na gama maki kuma, kafin in haɗa lamba da suna, nakan ware duk takardar da ta faɗa a 39, 44, 49, 59 ko 69 in sake binta da safe, da shayi, da ido mai barci isasshe. Wasu su haye, wasu su tsaya, wani ma in ga na yi masa yawa. Bana 41 na ware, ya ci min yini biyu. Amfaninsa shi ne, idan mai roƙo ya zo, abin da zan gaya masa gaskiya ne: na riga na duba taka sau biyu tun ban san taka ce ba.

Ranar Asabar da safe na kunna wayar. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar an ɓalle famfo. Wani ya rubuto, "Salam Mama, Allah ya ƙara girma, ni ne ɗanki mai lamba kaza, a taimaka a dube ni da idon rahama." Na duba lambar, 64 gare shi, A yake so. Wata ta turo hoton katin asibiti. Wani dattijo ya bar saƙon murya na minti shida, ban kai ƙarshensa ba tukuna, har yanzu yana kan addu'a ga Babana.

Da yamma muka je gaishe da Hajiya. Mun daɗe da shiryawa, har fura ta sa aka dama min. Muna shirin tafiya ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne yanzu, "Af, na manta ban gaya miki ba. Jikar Yaya ta samu gurbi a jami'arku. Tattalin arziki aka ba ta."

Aji ɗaya take. Baɗi war haka tana kwas ɗina.